Fitila Mai Aika Saƙo ga Jama'a

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi bayani a kan yadda haske ke ɗaukar saƙo. Tun a 1880 Alexander Graham Bell ya aika magana ta hasken rana. A 2011 kuma Farfesa Harald Haas na Jami'ar Edinbara ya yayata sunan Li-Fi, wato fitilar lantarki ta riƙa ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, waya tana karantawa.

Abin da ya burge ni, in mutum 30 suna kallon darasi ɗaya, sau ɗaya fitila za ta aika kowa ya samu, kamar malami a gaban aji.

Amma akwai cikas biyu. Na nesa da fitila rabonsa kaɗan ne, sai a rage sauri dominsa, ko a raba mutanen rukuni-rukuni. Kuma haske ba ya ratsa bango, mai waya kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Tilas fitilar gaba ta karɓe shi kafin ta baya ta sake shi, in ba haka ba darasi ya yanke. A ganina, nan ne aikin yake.