Karatu da Sana'a a Aji Ɗaya

'Yan'uwa, mun saba jin cewa sai mutum ya ƙare karatu kana ya koyi sana'a. Wannan daidai ne ga yaro, amma magidanci mai iyali fa? In aka ce ya shekara biyu yana haɗa baƙi kurum, yunwa za ta fid da shi daga aji tun bai ga amfanin abin ba.

A Jihar Washinton ta Amurka an nemi maganin wannan a waɗansu makarantun manya a shekarar 2004, da wani shiri wai shi I-BEST. Malamai biyu su ke shiga aji, ɗaya ya koyar da sana'a, kamar walda ko jiyya, ɗayan kuwa karatu da lissafi, amma da kayan sana'ar nan. Ƙa'idar da aka kafa ita ce su kasance tare rabin lokacin darasi a ƙalla. Watau mai koyon walda wajen awon ƙarfe ya ke sanin rabi da rubu'i. In ya ƙare ya sami takardar shaida, ya kama aiki, ƙofar ƙarin ilmi kuwa tana buɗe.

To, mu masu shirin zama malamai, in manya suka zauna gabanmu, mu fara tambayar kowa sana'arsa, daga cikinta mu tsamo darasi.