Gyambon baki mai dawowa: wani lokaci tushensa a hanji yake

Kusan kowa ya taɓa yin ɗan gyambo a cikin baki. Yakan yi zafi wurin cin abinci, sa'an nan ya warke da kansa cikin sati 1 ko 2. Irin wannan ba abin tsoro ba ne. Amma akwai gyambon da ke warkewa ya dawo, kuma mai shi yana fama da zawo, yana ramewa. Darasinmu na yau a kansa yake.

Mene ne kumburin hanji mai daɗewa?

Baki shi ne ƙofar hanji, hanyar abinci kuwa ɗaya ce tun daga leɓe har dubura. Akwai cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin fatar cikin hanji, har ta kumbura ta yi miki. Iri biyu ce. Ta farko ana kiranta cutar Crohn, da sunan wani likitan Amurka da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a shekarar 1932. Tana iya kama ko'ina a hanyar abinci, har da baki. Ta biyu tana tsayawa a babban hanji, tana kawo zawo mai jini da majina. Duka biyun sukan lafa su sake tashi, sun fi fara kama matasa, kuma ba a ɗaukarsu daga wani.

Alamomin da ake gani a baki

1. Gyambo mai farin tsakiya da jan gefe, a harshe ko cikin kumatu, mai yawan dawowa.
2. Kumburin leɓe da ba ya saɓewa.
3. Tsagewar gefen baki.
4. Kumburin dasashi, ko cikin kumatu ya yi tudu-tudu.
5. Harshe ya yi ja, ya yi sumul, yana raɗaɗi.

Dalilai uku ke kawo su. Na ɗaya, cutar da kanta ta taɓa baki. Na biyu, hanji mai ciwo ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, ga jini yana zuba, sai ƙarancin jini ya bayyana a harshe da gefen baki. Na uku, wasu magungunan cutar suna rage ƙarfin garkuwar jiki, sai wani farin abu kamar kindirmo ya rufe harshe. Wani lokaci baki ke fara nuna alama kafin ciki ya soma ciwo, musamman ga yara.

Yaushe za a tafi gidan likita?

A tafi idan gyambon ya wuce sati 3 bai warke ba. A tafi kuma idan yana dawowa tare da zawon da ya kai wata guda, ko jini a bayan gida, ko ramewa, ko ciwon gaɓoɓi, ko yaro ya daina girma.

Mutane da yawa suna nuna wa likita bakinsu, su ɓoye zancen bayan gida don kunya. Wannan kunyar tana jinkirta magani. A faɗa masa duka biyun a zama ɗaya, domin haɗa su shi ke nuna masa inda zai duba.

A ƙasarmu, atini, da tsutsar ciki, da tarin fuka da ya kama hanji, da sida, duk suna iya kawo irin waɗannan alamomi. Saboda haka ake fara awon bayan gida da na jini. Idan ba a gano dalili ba, sai a tura mutum babban asibiti, inda ake duba cikin hanji da wata siririyar na'ura mai fitila.

Abin da za a yi a gida

A kurkure baki da ruwan ɗumi kofi 1 da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A goge haƙora a hankali safe da dare. A rage yaji da tsami da abinci mai zafi har gyambon ya warke. A riƙa cin hanta, kifi, ƙwai da miyar zogale gwargwadon hali. A bar shan taba, domin tana tsananta cutar Crohn. Kada a saye ƙwayoyin ciwon jiki wurin ƴan talla: asfirin, ibuprofen da diklofenak suna iya tayar da ciwon hanji.

Wannan cuta tana daɗewa, amma magani yana kwantar da ita, mutum ya koma gonarsa da kasuwarsa. Idan hanji ya lafa, yawanci baki ma yana warkewa. Kada a bar shan magani sai likita ya ce a bari.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Sati nawa gyambon baki zai yi kafin a tafi gidan likita?
2. Me ya sa ya kamata a gaya wa likita zancen zawo tare da na baki?
3. Waɗanne ƙwayoyi ne mai ciwon hanji zai guje wa?