Darasi: Dakalin Tasha Shi Ke Yanka wa Jirgin Ƙasa Tsawo

Darasinmu na wannan mako ya shafi dakalin tashar jirgin ƙasa, wato wurin da fasinja ke tsayawa ya hau ko ya sauka. Layin dogo ba baƙo ba ne a yankinmu: wanda ya tashi daga Kano zuwa Nguru, da aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa. A Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina.

Ƙa'idar ita ce: taragon da ya wuce ƙarshen dakali ba a buɗe ƙofarsa lafiya, domin tsoho ko mai goyo ba za su iya dirowa ƙasa ba. Saboda haka tsawon dakali ne ke ƙayyade yawan taragu, su kuma taragu su ƙayyade yawan fasinjoji.

Mu duba ƙasashen da ke da jirage masu tsananin gudu. Japan ta buɗe layin Tokyo zuwa Osaka a 1964. Jirginta na yau taragu 16 ne, tsawonsa kusan mita 400, da kujeru sama da 1,300. Maroko, wadda ta fara irin wannan jirgi a Afirka a 2018, ta zaɓi taragu masu bene, don haka jirgi mai tsawon mita 200 kacal yake ɗaukar mutum 533.

Yanzu mu kawo lissafin gida. Mu ƙaddara an gina tasha a Maigatari, kan jirgi da kowane tarago mita 25 ne, kuma tarago na cin mutum 80. Dakali mai mita 200 zai ɗauki kan jirgi da taragu 7, wato mutum 560. Mai mita 400 zai ɗauki taragu 15, wato mutum 1,200. In mutum 1,700 suka taru da yammacin Alhamis bayan kasuwa ta watse, gajeren dakali sai an yi sawu huɗu, dogon kuwa sawu biyu ya isa.

To, me zai hana a yawaita sawu? Idan layi ɗaya ne, mai zuwa sai ya jira mai dawowa a wurin kaucewa, ga kuɗin mai da na ma'aikata. Me zai hana a ƙara dakalin daga baya? Da zarar tasha ta buɗe, shaguna da gidaje za su kewaye ta, sai an yi rusau da biyan diyya. Gina ƙaton dakali inda babu jama'a kuma ɓarnar dukiya ce. Shi ya sa masu tsari ke ƙidaya matafiya tun farko, su kula da ranar cunkoso irin Alhamis ɗinmu, sannan su keɓe filin faɗaɗawa.

Aikin gida: da wancan ma'auni, dakali mai mita 300 zai ɗauki mutum nawa? Sawu nawa zai kwashe mutum 2,000? A miƙa amsa ga 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta kafin Juma'a.