BUSHEWA DA TSAGEWAR HANCIN KARE A LOKACIN HUNTURU



'Yan uwa masu bibiyar darussanmu, hunturu ya kankama. Leɓe yana tsagewa, ƙafa tana faso, kowa ya nemi man shafawa. To darasinmu na yau a kan wanda ba ya iya neman mai da kansa ne, wato karen da ke gadin gidanka, ko yake bin garkenka, ko kake fita farauta da shi.

*ME YA KAWO MAGANAR KARE?*

Shari'a ta yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa gadin gida a ciki idan akwai buƙata. Duk dabbar da ka ajiye kuwa, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi.

Batun taɓa shi fa? A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Shafi'iyya na ganin najasa ne, a wanke wurin da yawunsa ya taɓa sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Hanya mai sauƙi ita ce ka sa safar hannu ko ka ɗaura leda, ka gama ka wanke hannu da sabulu. Ka ga ka fita daga saɓani, ka kuma kare lafiyarka.

*ME KE KAWO BUSHEWAR?*

Kan hancin kare ba shi da gashi. Danshin da kake gani a kai, daga cikin hancin yake fitowa, da kuma lasar da yake yi, shi ne yake taimaka masa kama ƙanshi da wari. Iskar hunturu da ke busowa daga Sahara busasshiya ce, ga ƙura, sai ta riƙa tsotse danshin nan. Abin yana ƙaruwa idan:

1. Yana kwana a fili inda iska ke bugunsa har asuba.
2. Yana raɓar murhu ko wutar jin ɗumi.
3. Ba ya samun isasshen ruwa. Da yawa daga cikinmu da sanyi ya shigo sai mu manta da kaskon ruwansa.
4. Ya tsufa, fatar hancin ta yi kauri ta yi kaushi.

A lura: hancin kare kan bushe idan ya tashi daga barci, jim kaɗan ya dawo daidai. Wannan ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne wanda ya kwana biyu a bushe, ya yi ɓawo ko ya fara tsagewa. Tsagewar tana da zafi, ƙura na shiga, ƙuda na bi, daga nan sai gyambo.

*YADDA ZA KA YI*

Ka samu tsumma mai tsabta, da ruwan ɗumi, da man kaɗanya tsantsa wanda ba a haɗa da turare ba. In babu, man kwakwa ko man zaitun ya wadatar.

1. Ka zaɓi lokacin da ya natsu. Wanda ya saba da shi ne zai yi, ba baƙo ba, ba ƙaramin yaro ba.
2. Ka jiƙa tsumman, ka matse, ka ɗora a saman hancin kamar minti 3 zuwa 5 don ɓawon ya yi laushi. Kada ka toshe masa ƙofofin hanci.
3. Ka lakaci mai ɗan kaɗan ka shafa sama-sama. Ban da turawa cikin hancin.
4. Nan take ka miƙa masa abinci, don hankalinsa ya ɗauke kafin ya lashe man.
5. A yi haka sau 2 ko 3 a rana, musamman da daddare kafin sanyi ya sauko.

Dalilin zaɓar man kaɗanya shi ne duk abin da ka shafa wa kare a hanci, to cikinsa za shi. Ɗan kaɗan na wannan mai ba ya cutar da shi, amma idan ka labta da yawa zai iya sa shi zawo. Ɓawon kuma kada ka ɓamɓare, bar shi ya faɗi da kansa.

Mai kaɗai ba zai yi ba sai da ruwa. Karen da ya kai kilo 20 yana buƙatar wajen lita 1 zuwa sama a rana, kamar ledar fiya wata 2 ke nan. A canza ruwan safe da yamma saboda ƙura. A gyara masa makwanci a lungun da iska ba ta bugawa, a shimfiɗa buhu ko tsohon bargo, nesa da wuta.

*ABIN DA ZA KA GUJE WA*

- Man zafi irin su Robb, da man bilicin, da duk mai turare.
- Baƙin mai na inji, da kalanzir, da toka.
- Farasitamol da sauran ƙwayoyin ciwon jiki na mutane. Suna iya lalata masa hanta ko ƙoda, har su kashe shi.
- Tafarnuwa da albasa. Mu suna mana amfani, shi kuwa suna ɓata masa jini.

*YAUSHE ZA A NEMI LIKITAN DABBOBI?*

- Idan an yi mako guda ana shafawa babu sauƙi.
- Idan wurin yana jini, ko mugunya, ko launin hancin ya canza.
- Idan akwai majina mai kauri, kwantsa, tari, zazzaɓi ko ƙin abinci, tafin ƙafarsa kuma ya yi tauri. Wannan na iya zama cutar distamfa, wadda ke kashe karnuka, musamman 'yan kwikwiyo. Mai ba ya maganinta, allurar rigakafi ce ke kare su.

*GARGAƊI BABBA*

Idan ka ga halin karenka ya canza, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ba dalili, ko ya kasa haɗiya, kada ka kai hannu kusa da bakinsa, ka janye yara, ka kira ma'aikatan dabbobi. Yana iya zama ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum da wuya ya rayu. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Rigakafin wannan ciwo ana fara yi wa kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara.

Maigida, yau kafin ka kulle ƙofa, haska fitila ka dubi hancinsa da kaskon ruwansa.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa masu kiwo da masu gadi.