Darasin Wannan Wata: Bashin Gina Gida, Wane Banki Ya Fi Sauƙi?

Darasinmu na wannan wata na lissafi ne, saboda haka kowa ya jawo fensir da takarda kusa.

A Wurno da Rabah da Goronyo yawancinmu da kaɗan-kaɗan muke gini. Bana a buga tubali, baɗi in an sayar da shinkafa ko albasa a sayi kwano. Amma akwai malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan kasuwa waɗanda ke zuwa Sakkwato neman bashin banki don su gama gida gaba ɗaya. Bankuna suna da yawa, kowanne kuma cewa yake nasa ya fi sauƙi. To, yaya za ka gane mai gaskiya?

Ga misali. Mu ɗauka kana son Naira 900,000, za ka biya cikin shekara 3. Kowace shekara za ka mayar da Naira 300,000 daga uwar kuɗin.

Banki na farko ya ce kuɗin ruwansa kashi 20 cikin 100 ne. Na biyu ya ce nasa kashi 25 ne. Da jin haka kowa zai ce na farko ya fi araha. Dakata tukuna.

Banki na farko yana lissafa ruwansa a kan Naira 900,000 ɗin nan kowace shekara, ko da ka rage bashin. Wato Naira 180,000 sau 3. Ya zama Naira 540,000.

Banki na biyu kuwa a kan abin da ya saura kawai yake lissafi. Shekarar farko, kashi 25 na Naira 900,000 shi ne Naira 225,000. Shekara ta biyu saura Naira 600,000, ruwansu Naira 150,000. Shekara ta uku saura Naira 300,000, ruwansu Naira 75,000. Haɗa su duka. Ka samu Naira 450,000.

Ashe mai kashi 20 ɗin ya fi tsada da Naira 90,000. Don haka in ka zauna gaban manaja, tambaya ɗaya ta fi kowace muhimmanci: "Ranka ya daɗe, daga yau har ranar da zan gama, nawa ne jimillar abin da zan biya?" Ka ce a rubuta maka a takarda, a haɗa da kuɗin fom da na lauya da na inshora. Kada ka ji kunya. Ba roƙo ka je ba, ciniki ka je.

Akwai hanyar gwamnati wadda ta fi waɗannan sauƙi nesa ba kusa ba. A shekarar 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake kira NHF. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, shi ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2 da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba a ciki. Wanda ya yi wata 6 yana zubi yana iya neman bashi a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har cikin shekara 30. Ka gwada wannan da na bankunan kasuwanci, waɗanda a shekarar 2024 ruwansu ya haura kashi 25. Sai dai hanyar tana da jira da yawan takardu. Malami ko ma'aikaci ya fara duba takardar albashinsa, ya ga ko ana cire masa kuɗin.

Da yawa daga cikinmu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba, saboda riba haramun ce. Su ma suna da ƙofa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Bankin Taj a 2019, kuma ba su ba da bashi da ruwa. Bankin ne zai sayi siminti da kwano, ko gidan kansa, ya sayar maka da ƙarin da kuka daidaita tun farko. Ana kiran wannan Murabaha. A nan ma ka tambayi jimilla, don ƙarin wani ya fi na wani.

Yanzu sai batun sauya banki. Mutum yana cikin biya, sai wani banki ya ce, "Zo mu biya maka bashinka, ka dawo wurinmu." Wani lokaci akwai amfani, wani lokaci babu.

Koma kan misalinmu. Ka ci bashin banki na farko, ka yi shekara ɗaya. Saura Naira 600,000. In ka zauna, ruwan da ke gabanka Naira 360,000 ne. In ka koma na biyu, Naira 225,000 ne. Bambancin Naira 135,000. Amma fita ba kyauta ba ce. Tsohon bankin yana iya cin tararka don ka biya kafin wa'adi. Sabon zai karɓi kuɗin fom da na lauya da na mai kimanta gida. Ga kuɗin mota zuwa Sakkwato ba sau ɗaya ba. In waɗannan sun kai Naira 100,000, abin da ka tsira da shi Naira 35,000 ne kacal. In sun kai Naira 150,000, ka faɗi.

Akwai wata dabara kuma. Sabon banki zai rage maka biyan wata, amma ya ƙara maka shekaru. Za ka ji sauƙi a aljihu, alhali jimillar ta ƙaru. Mai Murabaha kuwa ya sani farashinsa a yanke yake. Ba ya raguwa don ya biya da wuri, sai in bankin ya yi masa rangwame.

Manomi yana da tasa damuwar. Banki wata-wata yake son kuɗinsa, shi kuwa mai noman rani a fadamar Wurno ko a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo sai ya cire albasa ko tafarnuwa yake ganin kuɗi. Ka nemi a daidaita biya da lokacin girbi, a rubuce. Ka kuma tuna da ambaliyar 2010 a Goronyo. Ka tambaya tun yanzu: in shekara ta ɓaci, me bankin zai yi?

Amsar tana da nauyi, domin bashin gida da jingina ake ba da shi. Banki zai riƙe takardar shaidar mallakar filinka. Bisa Dokar Filaye ta 1978, jinginar da filin da ke da takardar Gwamna sai da amincewar Gwamna. In ka kasa biya, bankin yana da ikon sayar da gidan. Saboda haka gidan gado wanda ba a raba ba, kada ka kai shi banki. Haƙƙin 'yan'uwanka da na marayu yana ciki. Kuma kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar Turanci sai wanda ka amince da shi ya fassara maka ita layi-layi.

Aikin gida: Wani ya ci bashin Naira 600,000 na shekara 2, yana mayar da Naira 300,000 kowace shekara. Banki ɗaya yana karɓar kashi 15 a kan duka kuɗin kowace shekara. Ɗayan yana karɓar kashi 18 a kan abin da ya saura. Wanne ya fi sauƙi, kuma da nawa? Ku kai wa malamin ajinku amsa ya duba.