Zaɓen Keken Hawan Dutse

Ba yaron da bai san keke ba. Waɗansu tsofaffi har yanzu basukur suke ce masa, waɗansu kuwa dokin ƙarfe. Wanda kakanninku suka saba da shi shi ne baƙin keken nan mai nauyi, kamar Raleigh da aka riƙa ƙerawa a birnin Nottingham na Ingila, wanda akan ɗora wa buhun hatsi ranar kasuwa. Amma akwai wani iri dabam, mai kaurin taya da miƙaƙƙen kai, ana kiransa keken hawan dutse. A kansa za mu yi magana yau.

Asalinsa daga Amurka ne. Bayan shekarar 1970 da kaɗan, waɗansu samari a jihar Kalifoniya suka riƙa hawa wani dutse da ake kira Tamalpais da tsofaffin kekuna, sa'an nan su gangaro a guje. A 1976 suka fara tsere a wata hanya mai gangare ƙwarai kusa da nan. Saboda yawan taka birki, sai man da ke cikin birkin ya ƙone har yana hayaƙi, in an gama tsere sai an sake cusa wani. Da suka ga tsofaffin kekunan ba su jurewa, sai suka shiga ƙera nasu da kansu. A 1981 wani kamfani mai suna Specialized ya fara yin irinsu da yawa don sayarwa, daga nan suka bazu cikin duniya har suka iso kasuwanninmu.

Ko da yake sunansa keken hawan dutse, ba lalle sai mai hawan duwatsun Jos ko na Kwatarkwashi ke bukatarsa ba. Duk wanda yakan bar kwalta ya bi burji, ko hanyar gona mai gargada da kwazazzabai, zai ji daɗinsa.

To, mu ce mahaifinka ya sayar da amfanin gonarsa, ya ce zai saya wa yayanka irin wannan keke, don ya riƙa zuwa makaranta, ran Asabar kuma ya zaga ƙauyuka gaida dangi. Kuɗin nan wahalar damina guda ce. In aka yi kuskuren zaɓe, sai wata kakar. Wane za a saya?

Akwai masu tsada ƙwarai, waɗanda aka yi domin 'yan tsere. Ba su da nauyi ko kaɗan, amma kuɗin waɗansunsu ya fi na babur, in kuma wani abu ya karye a jikinsu sai an aika nesa kafin a sami madadinsa. Yayanka ba tsere zai yi ba, saboda haka mu bar su.

Waɗanda ya kamata a yi hankali da su su ne masu araha ƙwarai, gama su suka fi ɗaukar ido. Za ka ga an shafe su da fenti ja da ruwan ɗorawa, an rubuta musu manyan haruffa, an kuma sa musu sifirin gaba da baya. Sifirin mai kyau abu ne mai tsada. In ka ga keke mai araha da sifirin a baya, ka sani an rage kuɗin ne a wajen birki da sarƙa, watau wuraren da ido bai cika kaiwa ba. Irin wannan sifirin nauyi yake ƙara wa keke. Kana taka feda yana lotsawa, ƙarfinka yana tafiya a banza, kafin shekara ta kewayo kuma ya fara kuka kamar tsohon ƙyaure. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Na tsakiya shi ya dace da mai hawa jefi-jefi. Sifirinsa a gaba kaɗai yake, bayansa kuwa ƙarfe ne sandararre, ba abin da zai lalace a wurin.

Abu na farko da za a duba shi ne tsawo, gama keke kamar takalmi yake, kowa da nasa. Mai hawan ya tsaya da ƙafafunsa biyu a ƙasa, ƙarfen tsakiya yana tsakaninsu. In ba a sami ratar yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da ƙarfen ba, keken ya yi masa girma, ranar da ya dira ba shiri a cikin rami zai ji ciwo. Iyaye da yawa sukan ce a sayi babba, yaro zai girma ya cim masa. A riga wannan dabara ce, amma a keke ganganci ne.

Sa'an nan a duba abin da aka yi jikin da shi. Na alminiyam, irin wanda ake yin tukwane da shi, ya fi sauƙin ɗauka, ba ya kuma yin tsatsa. Na baƙin ƙarfe ya fi nauyi, amma in ya tsage kowane mai walda zai liƙe shi.

Faɗin tayarsa yakan kai inci 2 ko fiye, da ƙuraje a jikinta don ta kama ƙasa. Faɗin nan shi ke hana ta nutsewa cikin rairayi, irin na wajen Daura da Damagaram. In an rage mata iska kaɗan sai ta ƙara bajewa, tafiya ta yi sauƙi. Girman wili kuwa iri uku ne aka fi sani: inci 26, da 27.5, da 29. Babba ya fi tsallake ramuka, amma kafin a saya a tambayi mai faci na garinku wace taya ake samu a kasuwa. Ƙayar aduwa ba ta san keke mai tsada ba.

Birki iri biyu ne. Akwai mai roba, wanda ke matse gefen wili, akwai kuma mai faifai a tsakiyar wili. Mai faifai ya fi kamawa cikin ruwa da taɓo. Daga cikinsa ma wani da waya yake aiki, wani da mai. Mai man ya fi ƙarfi, amma in ya yi yoyo ba kowane mai gyara ke iya masa ba, na waya kuwa ko a ƙauye a gyara shi. Kada a biya kuɗi sai an hau keken an matse birkin gaba da na baya an ji kamunsu. A kuma rage kuɗin hular kwano daga cikin abin da aka zo da shi.

Saura giya, ita ce ke sa a hau tudu ba a sauka an tura ba. Masu sayarwa sukan yi alfahari da yawanta, wani ya ce nasa 21 gare shi, wani 24. Yawan ba shi ne abin dubawa ba, sai dai ko tana shiga sumul, sarƙa ba ta zamewa. Ga yadda take aiki. Akwai faranti mai haƙora a wajen feda, akwai waɗansu a wilin baya, sarƙa ce ta haɗa su. In na gaba yana da haƙora 32, na baya 16, to kowane zagayen feda ɗaya wili zai juya sau 2. Wannan ta gudu ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya. In aka mai da sarƙa kan faranti mai haƙora 32 a baya, sai wili ya juya sau 1 tak. Tafiya ta ragu da rabi, amma nauyin da ƙafa ke ji shi ma ya ragu da rabi, sai a hau tudu a zaune.

In akwai mai irin wannan keke a unguwarku, ku roƙe shi ya bar ku ku ƙirga haƙoran farantin gaba, da na babban farantin baya, da na ƙaramin. Ku rubuta a littafinku, ku zo da shi gobe mu yi lissafin tare a allo.