Ina Son Rage Ƙiba, Amma Gwiwata Ta Taɓa Gocewa

Tambaya: Na yi haɗarin babur shekarun baya, gwiwata ta goce. Yanzu teɓa ta yi mini yawa, amma da na fara gudu sai ciwon ya taso. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu. Ajiye gudun nan tukuna. Kafin komai, je ka ga likitan gashin ƙashi a babban asibitin da ke kusa da kai, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan kana Kano, a duba gwiwar, a koya maka atisayen ƙarfafa naman cinya, domin shi ne ke tallafe ta.

Daga nan sai tafiya a ƙasa mai laushi ko tuƙa keke, minti 10 a rana, kana ƙarawa sannu a hankali har ka kai minti 150 a mako, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Gajiyar jiki ba komai ba ce. Amma in gwiwar ta kumbura, ko ciwon ya kwana ya wuni, ka wuce gona da iri, sai ka rage. Kada ka sha diclofenac don ka danne ciwo ka ci gaba. Yawan shansa na illata ciki da ƙoda.

Gaskiya ma, yawancin aikin a kwano yake. Rage malmalar tuwo, ƙara ganye da wake, ka rabu da lemon kwalba da shayin da sukari ya yi wa katutu. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar. Masu tallar shayin narkar da teɓa kuwa, aljihunka kawai suke ramarwa.